Yadda ake fasa kankana irin na Japan a bakin tekun Accra

A watannin Yuli da Agusta garuruwan bakin teku na Japan ke bukukuwan bazararsu: wasan wuta da dare, kamar wanda ake yi a Atami tun 1952, da rumfunan abinci. Da rana kuwa akwai suikawari, wasan da ake ɗaure wa mutum ido ya nemi kankana da sanda ya fasa. Ba ya buƙatar komai da ba a samu a kasuwar Nima.

A sayi kankana mai kilo 4 zuwa 5, irin wadda ake kawowa daga yankin Ada. A duba gefen da ya kwanta a ƙasa, in ya yi rawaya ta nuna. Ɗanya ɓawonta tauri gare shi, sanda sai ta yi tsalle ta dawo. Wadda ta wuce nuna kuma tarwatsewa take yi, ba mai samun abin ci. A sa ta cikin kula da ƙanƙara tun daga gida.

Ƙa'idar da wata ƙungiyar manoman Japan ta fitar ta ce tazara tsakanin mai wasa da kankana mita 5 zuwa 7, sanda kada ta wuce mita 1.2. Ƙotar fartanya ta yi daidai. Taɓarya ta yi nauyi, dagargaza kankanar take yi, gora kuma tsagewa take ta yanki hannu.

A bakin tekun Labadi ko Kokrobite, a nemi busasshen yashi nesa da inda igiyar ruwa ke kaiwa. A tona ɗan rami, a shimfiɗa babbar leda, a zaunar da kankanar a ciki don kada ta gangara. Wanda ya manta leda zai ci yashi.

A ninka ɗankwali a ɗaure ido, a duba gefen hanci, don ta nan yara ke leƙe. A juya mai wasa sau biyar, a tsayar da shi yana fuskantar kankanar, sauran su riƙa cewa "dama!", "hagu!", "buga!". Duka daga sama zuwa ƙasa ake yi. Mai jiri yakan wurga sanda ta gefe, saboda haka 'yan kallo su ja baya mita 3 aƙalla. In ƙananan yara ne, a ɗan tsaga ɓawon da wuƙa tukuna.

Wasan na ihu ne, don haka a kauce wa watan da sarakunan ƙabilar Ga ke hana kiɗa da hayaniya kafin bikinsu na Homowo, wajen Mayu zuwa Yuni.