Yadda Ake Koyon Zuba Jari a Asusun Haɗaka Tun Daga Tushe

Asusun haɗaka tsari ne da mutane da yawa suke tara kuɗinsu wuri guda, su danƙa shi a hannun ƙwararren manaja, shi kuma ya sayi hannayen jarin kamfanoni ko takardun lamuni (wato takardun bashin da gwamnati ko kamfani yake karɓa daga jama'a) da shi, kowa ya mallaki kaso daidai gwargwadon abin da ya zuba. Tsarin ya daɗe, domin tun a 1774 wani ɗan kasuwa a birnin Amsterdam na ƙasar Holan, Abraham van Ketwich, ya kafa irinsa, sannan a 1924 aka buɗe Massachusetts Investors Trust a Boston ta Amurka, wanda shi ne na farko da ya ba mutum damar shiga ko fita a duk ranar da ya ga dama. Abin da yake wahalar da mai koyo a yau shi ne yawan bayanai, da kuma cewa akasarin masu koyarwar suna da hajar da suke son sayar masa. Saboda haka jerin da aka bi wajen karatun yana da muhimmanci ƙwarai.

Mataki na farko: fara da hukumomin da ba sa sayar da komai

Kusan kowace ƙasa da take da kasuwar hannayen jari tana da hukumar da take sa ido a kanta, kuma yawancin waɗannan hukumomi suna da sashen wayar da kan masu zuba jari a shafinsu na intanet. Da shafin hukumar ƙasarka ya kamata ka fara, domin a can ne za ka ga jerin kamfanonin da aka yi wa rajista da dokokin da suka shafe ka. Hukumar SEC ta Amurka tana da shafin Investor.gov, wanda yake bayani dalla-dalla da Turanci mai sauƙi, yana kuma ɗauke da ƙamus na kalmomin harkar da na'urar lissafin yadda riba take haifar riba. Dokokin harajin da ke cikinsa na Amurka ne, kada ka ɗauka sun hau kanka, amma bayanin yadda asusu yake aiki ɗaya ne a ko'ina.

A wannan mataki abubuwa huɗu kawai ake so su zauna maka. Na farko, darajar kaso ɗaya, wadda takardu suke rubutawa da haruffan NAV: ana haɗa ƙimar duk kadarorin asusun, a cire bashin da ke kansa, a raba abin da ya rage da adadin kason da ke hannun jama'a, kuma galibi sau ɗaya ake lissafa ta a rana, bayan an tashi kasuwa. Na biyu, ire-iren asusun: na hannayen jari, na takardun lamuni, na kasuwar kuɗi ta gajeren lokaci, da na gauraye. Na uku, hanyoyin da riba take zuwa, wato rabon riba da hauhawar darajar kason. Na huɗu, cewa asusun haɗaka ba ajiyar banki ba ne, babu wanda ya lamunce maka uwar kuɗinka. Ko asusun kasuwar kuɗi da ake ganin ya fi kowane kwanciyar hankali yana iya tafka asara, kamar yadda ya faru da Reserve Primary Fund a watan Satumba na 2008, lokacin da darajar kasonsa ta sauko daga dala ɗaya zuwa santi 97 bayan rugujewar bankin Lehman Brothers.

Mataki na biyu: ɗauki darasi guda ɗaya mai tsari, ka kai shi ƙarshe

Khan Academy tana da gajerun bidiyo na kyauta a kan hannayen jari, takardun lamuni da asusun haɗaka, kuma sun isa ga wanda yake farawa. Wanda yake son zurfafawa zai iya bin darasin kasuwannin kuɗi na Farfesa Robert Shiller na Jami'ar Yale, wanda ya samu lambar Nobel ta tattalin arziki a 2013, ana samun darasin a shafin darussan intanet na Coursera. Shafin Investopedia kuwa ƙamus ne, a buɗe shi idan an ci karo da baƙuwar kalma, a rufe idan an gane ta. Mai tsalle daga wannan bidiyo zuwa wancan yakan ji abu guda sau goma, ya ɗauka ya yi nisa alhali yana nan inda ya fara.

Mataki na uku: karanta takardar bayanin asusu na gaske

A ganina nan ne ainihin karatun yake, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa, wataƙila saboda takardar ba ta da daɗin karatu. Doka ta wajabta wa kowane asusu mai rajista ya fitar da takardar da take bayyana manufarsa, da irin kadarorin da zai saya, da haɗurran da ke tattare da shi, da cajin da yake karɓa, kuma kyauta ake sauke ta daga shafin kamfanin. A ƙasashen Tarayyar Turai ana haɗa ta da wata gajeruwar takarda mai shafi biyu ko uku wadda take auna haɗarin asusun daga 1 zuwa 7. Zaɓi asusu biyu masu manufa iri ɗaya daga kamfanoni daban-daban, ka ajiye takardunsu gefe da gefe, ka ɗauki biro da littafin rubutu.

Ka fara neman cajin shekara, wato kason da ake cirewa daga dukiyar asusun kowace shekara domin biyan manaja da sauran hidimomi, ko an ci riba ko an faɗi. Ba a aiko maka da takardar neman biya, daga cikin asusun ake zare shi, shi ya sa mutane da dama ba su san suna biyansa ba. Ga misali na lissafi kawai, wanda ba hasashen wata kasuwa ba ne. A ce mutum biyu kowanne ya zuba dala 10,000, kadarorin kuma suna kawo kashi 7 cikin ɗari a shekara har tsawon shekara 30. Na farko cajin asusunsa kashi 0.2 cikin ɗari ne, na biyu kuma kashi 1.5. A ƙarshe na farko zai tashi da kusan dala 72,000, na biyu kuma da kusan dala 50,000. Bambancin da ya yi kama da ƙiris a takarda ya cinye fiye da ninki biyu na uwar kuɗin da aka fara da ita. Hukumar FINRA, mai sa ido a kan dillalan hannayen jari a Amurka, tana da na'urar Fund Analyzer da take yin irin wannan kwatance ga asusun da ake sayarwa a can, amma ya fi kyau ka yi lissafin da hannunka ko da sau ɗaya ne, domin abin da hannu ya lissafa ya fi zama a kai.

Bayan cajin shekara, duba ko akwai kuɗin shiga da ake cirewa tun ranar saye, ko kuɗin fita ga wanda ya janye kafin wani wa'adi. Duba kwana nawa ake ɗauka kafin kuɗinka ya dawo hannunka idan ka nemi fita. Duba sunan bankin da yake riƙe da kadarorin, domin a tsari mai kyau manaja daban ne, mai ajiyar dukiyar daban, mai binciken asusu ma daban. Sai ka duba manyan kadarori goma da asusun ya fi zuba kuɗi a cikinsu, saboda sunan asusu yana iya cewa wani abu, abin da ke cikinsa kuma ya ce wani.

Wanda yake son kauce wa kuɗin ruwa, a wannan takarda zai ga ko asusun yana da kwamitin malaman shari'a da ƙa'idar da yake bi wajen tace kamfanoni. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain tana fitar da irin waɗannan ƙa'idoji, akwai kuma ma'aunin Dow Jones Islamic Market da aka ƙaddamar a 1999, wato jerin kamfanoni da ake bin farashin hannayen jarinsu domin auna tafiyar kasuwa, wanda wasu asusun suke auna kansu da shi.

Mataki na huɗu: fahimci muhawarar manaja da ma'auni

Asusun haɗaka ya kasu gida biyu ta fuskar gudanarwa. A wani, manaja ne yake zaɓen kamfanonin da yake ganin za su fi kasuwa ci gaba, kuma cajinsa ya fi yawa. A ɗayan, asusun yana sayen duk kamfanonin da ke cikin wani ma'aunin kasuwa ne kawai, ba tare da zaɓe ba, saboda haka cajinsa kaɗan ne. John Bogle, wanda ya kafa kamfanin Vanguard a 1975, shi ya buɗe wa talakawan masu zuba jari asusu na farko irin wannan a 1976, yana bin ma'aunin manyan kamfanonin Amurka da ake kira S&P 500. Littafinsa Common Sense on Mutual Funds, wanda ya fito a 1999, har yanzu yana cikin waɗanda suka fi amfanar mai koyo, sai dai a karanta shi da sanin cewa marubucin yana da ɓangare a muhawarar. Domin ganin alƙaluma da idonka, nemi rahoton SPIVA da kamfanin S&P yake fitarwa tun 2002, wanda ya sha nuna cewa mafi yawan manajojin manyan hannayen jarin Amurka ba sa kamo ma'auninsu idan aka auna tsawon shekara goma ko goma sha biyar. Rahoton yana da bugu na wasu yankunan duniya, kuma yana da kyau a duba wanda ya fi kusa da kasuwar da za ka shiga.

A nan ne kuma ya kamata a koyi karanta taurarin Morningstar, kamfanin da aka kafa a 1984 wanda yake ba asusu maki daga tauraro ɗaya zuwa biyar. Kashi 10 cikin ɗari na asusun da suka fi yin fice a rukuninsu ne suke samun taurari biyar, kuma ana gina wannan ne a kan sakamakon da ya riga ya wuce, bayan an yi la'akari da haɗari da caji. Taurarin suna ba da labarin jiya ne, kuma kowace takardar asusu da kanta tana gargaɗin cewa ribar baya ba ta lamunce ta gaba.

Mataki na biyar: gwada a takarda kafin ka saka kuɗi

Rubuta darajar kason asusun nan biyu da ka zaɓa sau ɗaya a mako na tsawon wata uku, tare da ma'aunin da suke kwatanta kansu da shi. Wata uku ba ya nuna wanda ya fi kyau, amfaninsa shi ne ka saba da ganin lamba tana hawa tana sauka. Sannan ka koma teburin sakamakon shekaru goma da ke cikin takardar, ka nemo shekarar da ta fi muni, ka lissafa nawa za ka rasa da a ce kuɗinka yana ciki. A 2008 ma'aunin S&P 500 ya faɗi da kusan kashi 37 cikin ɗari, kuma wanda ya san cewa irin wannan faɗuwa za ta sa shi janyewa a firgice, ya dace ya karkata ga asusun da haɗarinsa bai kai haka ba.

Idan ka yanke shawarar farawa, tabbatar da sunan kamfanin da na dillalin a rajistar hukumar ƙasarka, ka fara da adadin da ba za ka buƙace shi nan kusa ba, bayan ka ware kuɗin ko-ta-kwana a wani wuri daban. Daga nan abin karantawarka shi ne rahoton da asusun yake fitarwa duk wata shida ko duk shekara, inda za ka duba ko cajin ya canza, ko an sauya manaja, da kuma ko kadarorin da ke ciki suna nan a kan manufar da ka karanta tun farko.