Kuɗin da ke hannunka ba duka ne naka ba: kurakuran da na gaji da gyarawa a lissafin mutane

Na daɗe ina duba wa mutane lissafi, masu ƙananan sana'a da masu albashi da 'yan ƙungiyoyin taimako, kuma in ka cire suna da fuska kuskuren kusan guda ɗaya ne yake ta canza riga. Mutum ya ga kuɗi a hannunsa shikenan ya ɗauka nasa ne, alhali a ciki akwai na wanda ya ba shi kaya bashi, akwai na hukumar haraji, akwai na yaran da ke masa aiki, ga uwar kuɗi wadda in ka taɓa ta toh ka fara cin sana'ar da kanta.

Bari in fara da ƙanina tunda shi ba zai kai ni ƙara ba. Ya zo min rannan yace "Yaya ni fa na kasa ganewa, ciniki ake kullum amma kaya sai raguwa suke." Nace miƙo wayarka. Akawun ɗaya ne tal, nan kwastoma ke turo kuɗi, nan yake cire kuɗin makarantar yara, nan kuɗin data, nan ya tura wa aboki rance, duk a jere kamar an zuba a kwano ɗaya. Na tambaye shi nawa ka ɗauka na kanka a watan jiya, yayi shiru yana sosa ƙeya. Gyaran ba wani ilimi yake buƙata ba: akawun na biyu don sana'a kawai, ka yanka wa kanka albashi kana ɗauka rana ɗaya a wata, in ka ɗebi kaya ka kai gida ka rubuta kamar baƙo ne ya saya. Wannan rabuwar har wajen haraji tana cetonka, don in kuɗin gida da na sana'a suka cakuɗe jami'i yana iya ɗaukar duk abin da ya shigo akawun a matsayin ciniki, kai ne za ka sha wahalar nuna cewa ba haka ba ne.

Sai maganar ciniki da riba, anan nafi jin takaici wallahi. Ka sayo abu a 800 ka sayar 1,000, ka samu 200. Wannan 200 ɗin kashi 25 ne na kuɗin saye amma kashi 20 ne na kuɗin sayarwa, lamba biyu daban, mutane kuma suna haɗa su. Sai kaji mutum yace ai ribata kashi 25 ce bari in yi rangwamen kashi 25 in fita ba riba ba faɗuwa, ya sayar a 750, ya yi asarar 50 a kowane ɗaya yana murna kaya sun ƙare. Kuma ko 200 ɗin ma ba riba ba ce tukuna, ba ka cire haya ba, ba ka cire wuta da sufuri da cajin banki da kayan da suka lalace ba. Injin da kake aiki da shi ma yana cin kuɗi a ɓoye, in shekara 5 zai yi ka raba kuɗinsa gida 5 kana cire kaso ɗaya duk shekara a matsayin kashewa, in ba haka ba ranar da ya tsaya za ka tarar ka riga ka cinye kuɗin sabo tuntuni.

Bashi hanji ne yana cikin kowa, ban ce kar ka bayar ba. Amma ribar da ke cikin littafi ba ta biyan haya. Jera masu bashinka da kwanan wata, wanda ya wuce kwana 30 ka tuna masa, wanda ya kai 90 kar ka ƙara masa ko allura sai ya rage.

Rasit kuma, akwai wani bawan Allah da ya kawo min leda cike da rasit na shekara guda, yana alfahari bai yar da ko ɗaya ba. Na zazzage a tebur, fiye da rabi fari fat, irin takardar nan mai santsi ta injin biyan kuɗi wadda zafi ne ke rubutu a kanta ba tawada ba, in ta sha rana ko ta daɗe rubutun sai ya gudu. Ya dinga ɗaga su yana haskawa da fitilar waya. Ka ɗauki hotonsa ranar da aka ba ka, ka rubuta me ka saya da dalili, ka ajiye a wani wuri bayan wayar don waya tana ɓata. Tsawon ajiya ya danganta da ƙasa, a Ingila mai sana'ar kansa shekara 5 ne bayan wa'adin miƙa fom ɗin haraji, kamfani shekara 6, a Amurka mafi ƙaranci 3, ni dai nakan ce wa mutane su riƙe 7 su huta. Tun 1494 wani masanin lissafi Luca Pacioli ya buga bayanin lissafin shiga biyu a Italiya, wato duk kuɗi a rubuta inda ya fito da inda ya tafi, mu kuma har yau muna cewa "ai yana kaina".

Yanzu haraji. VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kaya, in ka karɓa hannun kwastoma amana ce, kai ɗan aike ne kawai. Faransa ce ta fara shi a 1954, yau ƙasashe sama da 160 suna karɓa, kuma ko'ina tsarin ɗaya ne, ka karɓa, ka cire wanda ka biya wajen sayen kaya in doka ta ba ka dama, ka miƙa ragowar. Matsalar ita ce yana kwana a akawun ɗinka har wa'adi ya yi, ido ya saba da shi, ka juya shi cikin jari, ranar biya sai neman rance. Ka cire shi duk mako ka tura wani asusu da ba ka taɓawa. Sannan akwai kuskuren lissafi da nake gani kullum: a ce harajin kashi 10 ne kuma an biya ka 110 har da shi, harajin 10 ne ba 11 ba, saboda an ɗora shi ne kan 100. Raba jimlar da 1.1 za ka yi ka samu asalin kuɗin. Kuma ƙasashe da yawa suna da iyakar ciniki da wanda bai kai ta ba ba sai ya yi rajista ba, ka bincika taku, kar ka fara karɓar VAT ba ka da rajista. Harajin da ka cire daga albashin ma'aikata shi ma haka, kuɗinsu ne ka riƙe, kuma hukumomi sun fi zafi a kansa fiye da komai.

Wani abin da mutane ba su rabewa, miƙa fom daban biya daban. Sai kaji ance bana ban ci riba ba me zan cike? Ka cike, ka rubuta sifiri ko asara. A Ingila wanda aka nemi ya cike fom ya makara tarar fam 100 ce take, ko da ba a bin sa ko sisi. Kuma a wurare da dama asarar da ka bayyana bana tana rage maka harajin baɗi, wadda ba ka bayyana ba ta tafi a banza. In ba ka da kuɗin biya ma ka miƙa a kan lokaci ka nemi biya kaɗan kaɗan, ɓuya ce ke tara kuɗin ruwa da tara.

Masu albashi kuma na taɓa jin wanda yake tsoron ƙarin albashi wai zai shiga mataki na sama haraji ya cinye. Ba haka yake aiki ba. A ce 1,000 na farko kashi 10 ne, abin da ya haura kashi 20, kai kuma ka samu 1,100, harajinka 100 ne da 20 wato 120, ba 220 ba, ƙarin kawai ake cajin sa da sabon kaso. Abin da ya kamata ka ji tsoro shi ne kuɗin gefe, hayar gida ko aikin intanet, wanda ofis bai sani ba balle ya cire, kai za ka bayyana shi da kanka. Neman rangwamen da doka ta ba ka, irin na fansho a ƙasashen da ke bayarwa, haƙƙinka ne. Ɓoye ciniki ko riƙe littafi biyu wani abu ne daban. Al Capone, wani ƙasurgumin shugaban 'yan daba a Amurka, da duk ta'asar da ya yi a birnin Chicago, a 1931 laifin ƙin biyan haraji ne ya ja masa hukuncin shekara 11.

Ƙungiyoyin taimako na bari a ƙarshe don nasu ya fi ban tausayi, yawanci mutanen kirki ne da ba su saci komai ba. Suna zaton tunda ba riba suke nema ba hukuma ba ruwanta da su. Yafiyar haraji nema ake yi, kuma bayan an samu ana ci gaba da miƙa rahoto. A Amurka ƙungiyar da ta yi shekara 3 a jere ba ta miƙa ba yafiyar tana faɗuwa da kanta, a 2011 kusan 275,000 ne suka rasa tasu ta haka. Harajin albashin ma'aikatansu kuma yana nan daram.

Amma wanda ya fi kashe su shi ne kuɗin da aka bayar da sharaɗi. Wata ma'ajiya ta kira ni hankali a tashe, an ba su tallafi don sayen littattafan yara, haya ta taso, shugaba yace a ara daga ciki za a mayar, ba a mayar ba, ga mai tallafi yana neman rahoto. Tace "Malam wallahi ko kwabo ban ci ba." Nace na sani Hajiya, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, takarda ba ta san niyya ba, abin da za ta nuna shi ne an kashe kuɗin littafi a haya. Kowane tallafi mai sharaɗi a buɗe masa shafinsa, in buƙata ta canza a rubuta wa mai bayarwa a nemi izini kafin a taɓa. Da na duba littafin cekinsu kuma sai na ga mai sa hannu na biyu ya riga ya sa hannu a shafi 6 babu komai a rubuce, wai don kar a dinga nemansa. Toh ina amfanin hannu biyun? Na sa suka soke shafukan a gabana, suka zaɓi mutum na uku wanda ba ya karɓa ba ya biya, shi zai dinga karɓar sitetimen daga banki duk ƙarshen wata yana gwadawa da littafin ma'aji layi layi. Wasiƙar mai tallafin kuwa a ranar muka zauna muka rubuta ta, muka faɗi nawa aka ara da watan da za a mayar, Hajiya ta sa hannu shugaba ya sa.