Yadda Ake Aikin Feshi da Jirgin Sama a Gonakin Jazira, da Yadda Ake Kula da Jirgin

Duk wanda ya tashi a Jazira ta ƙasar Sudan, ko Managil, ko wajen Sinnar da Maiwurno, ya san ƙarar jirgin feshi tun kafin ya san sunansa. Tun da aka kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, iyayenmu da kakanninmu suke cikin aikin auduga, daga shuka har tsinta. Sai dai mafi yawanmu daga ƙasa muke kallon jirgin, kuma sau da yawa a kan kambonmu, wato unguwannin ma'aikatan gona, iska ke sauke abin da ya fesa. Shi ya sa nake son matasanmu su san aikin nan ciki da bai, ko su zama matuƙa, ko makanikai, ko masu haɗa magani. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya durƙusar da noma a Jazira, amma ranar da aiki ya koma daidai za a nemi hannayen da suka iya.

Da farko ka san jirgin da ke gabanka, domin iri biyu ne a wajen inji. Akwai masu injin fistan da aka jera a zagaye, irin Antonov An-2 mai fukafukai biyu sama da ƙasa, da Dromader na ƙasar Foland. Dukansu injin silinda 9 ne mai ƙarfin doki kusan 1,000, kuma fetur ɗin jirgi suke sha. Akwai kuma masu injin tarbain irin Air Tractor na Amurka, wanda samfurinsa AT-502 ke ɗaukar galan 500 na magani, kusan lita 1,900, shi kuma kananzir ɗin jirgi yake sha. Kada a taɓa barin gangunan man biyu a jere ba alama. Matuƙi kuwa sai da lasisin tuƙin kasuwanci, wanda ke buƙatar tashi na kimanin sa'o'i 200, sannan ya sake koyon tashi ƙasa-ƙasa a hannun wanda ya daɗe yana feshi.

Aikin gobe tun yau ake fara shi. Mai duba ƙwari ya shiga gona ya ƙirga abin da ke kan ganye: farin ƙuda ne, ko darɓa, ko tsutsar da ke huda ƙwallon auduga. Idan adadin bai kai matakin da masu bincike na Wad Madani suka sa ba, ba a kiran jirgi. Wannan darasi Jazira ta saye shi da tsada. A shekarun 1970 an yi ta ƙara yawan feshi har maganin ya kashe ƙwarin da ke cinye farin ƙuda, shi kuma ya saba da guba ya yi ta hayayyafa, yana zubar da danƙo a kan auduga har ta riƙa manne wa injinan saƙa, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya. Idan an tabbatar da buƙata, matuƙi ya je ya ga gonar da idonsa, ko ya kewaye ta daga sama kafin ya sauko. Ya san inda wayoyin lantarki suke, da dogayen itatuwa, da ƙauye, da kambo, da magudanar da mutane ke ɗiban ruwan sha. Waya ba ta ganuwa da sassafe, don haka turakun ake nema, a ƙaddara akwai waya tsakanin kowane biyu. A kuma aika wa mai unguwa da limami tun da yamma, a sanar bayan sallar isha cewa gobe za a fesa nimra kaza, wato yankin gona kaza: a rufe randuna, a killace awaki, mata masu ciyawa da yara kada su shiga, masu amya su toshe ƙofar zumarsu.

Da asuba makanike ne farkon zuwa. Ya tsiyayi mai kaɗan daga ƙasan kowane tanki a kwalba mai haske. In akwai ruwa zai kwanta a ƙasa, sai a yi ta tsiyaya har ya fito garau. Ya duba baƙin mai, da iskar tayoyi, da birki, ya bi farfela da tafin hannu yana neman tsaga ko inda tsakuwa ta sare ta. A injin zagaye akwai abin da ba a tsallakewa: bayan an tabbatar an kashe wutar inji, a juya farfela da hannu sau da dama, saboda cikin dare baƙin mai kan taru a silindojin ƙasa, in aka tayar a haka sai sandar fistan ta lanƙwashe. In farfela ta cije, a tsaya, a cire fulogi a zubar da man, ba a tilasta mata. A injin tarbain kuwa batir ne abin lura, domin mai rauni ba ya juya injin da sauri, zafi ya haura iyaka ya ƙone cikinsa. Idon matuƙi na kan ma'aunin zafi har inji ya daidaita. Daga nan a gwada famfon feshi da ruwa zalla, a ga kowane baki yana fitarwa daidai, kuma yana ɗaukewa tsaf in an rufe. Bakin da ke ɗiga shi ne ke zuba guba a kan gidaje lokacin da jirgi ke juyawa.

Sai lissafi, kuma a nan na fi son mai karatu ya nutsu. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. Ka ninka gudun jirgi na kilomita a sa'a da faɗin layin feshi a mita, ka raba da 252, abin da ya fito shi ne faddan nawa jirgin ke rufewa a minti guda. A ce gudun 180 ne, faɗin layi mita 20: faddan 14 da ɗan ɗoriya ke nan a minti. In takardar maganin ta ce lita 8 na haɗi ga kowane faddan, dole famfo ya fitar da kimanin lita 114 a minti. Nimra ɗaya a Jazira faddan 90 ce, tsawonta mita 1,350, faɗinta 280, wato zuwa 14 ne, kowane bai wuce daƙiƙa 27 ba, kuma lita 720 za ta ci. In jirgi ya gama nimra aka ga saura da yawa a tanki, ko ya ƙare kafin ƙarshe, to akwai toshewa ko gudun ya sauya, a gyara kafin lodi na gaba. Faɗin layin ma ba a karɓarsa da baki. A shimfiɗa takardun gwaji masu sauya launi a ƙasa, jirgi ya ratsa su da ruwa, a ƙirga ɗigon.

Masu haɗa magani su sa rigar kariya mai dogon hannu, da safar roba, da takalmin roba, da takunkumi mai matatar guba, ba ƙyalle ba. Na san zafi yana sa mutum ya so cirewa, amma ɗanyen maganin da ke cikin ganga ya fi wanda ke fita daga jirgi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ta fata yake shiga. Ruwan magudana yana da laka, sai an tace shi. A cika rabin tankin haɗi da ruwa, a zuba magani ana motsawa, a ƙarasa. Ba ci, ba sha, ba taba, ba goro a wurin.

Nauyin lodi ya danganta da zafin rana. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike ba ya samun abin riƙewa, inji ma ƙarfinsa ya ragu; lodin da ya tashi lafiya ƙarfe 6 na safe yana iya cinye filin gaba ɗaya ƙarfe 10. A rage lodi yayin da rana ke ɗagawa. Matuƙi ya sa alama a gefen fili, in ya kai ta bai ɗaga ba, ya ja hannun zubarwa ya saki maganin duka. Magani ana sayen wani.

A cikin gona, a kunna hayaƙi ko a duba tuta a san inda iska ta nufa. Ana son iska mai sauƙi mai tsayayyar alƙibla, kamar kilomita 5 zuwa 15 a sa'a, tana ratsa layin feshi ta gefe. Mutane da yawa suna zaton lokacin da iska ta tsaya cak shi ne mafi kyau, alhali da sanyin asuba iska mai ɗumi kan danne mai sanyi a ƙasa, ƙananan ɗigo su rataya kamar hazo su yi tafiyar kilomitoci. In ka ga hayaƙin girki ya kwanta a kan ƙauye bai tashi ba, a jira. A fara daga gefen da iska ke nufa a riƙa matsowa inda take fitowa, don kada jirgi ya shiga cikin abin da ya fesa. Tsayi mita 2 zuwa 3 a kan amfanin gona. A buɗe feshi bayan an daidaita a cikin gona, a rufe kafin a ɗaga hanci. In iska ta nufi kambo ko ruwan sha, a bar layukan gefen sai ranar da ta juya, ko da manomi zai yi fushi. A da 'yan tuta ne ke tsayawa a bakin layi, yawancinsu 'ya'yan talakawa, suna shan feshi kowane zuwa. Yanzu na'urar GPS mai jerin fitilu a gaban matuƙi ta ɗauke wannan, kuma ban ga hujjar sake tsayar da ɗan kowa a can ba.

Juyawa a ƙarshen layi ita ke kashe matuƙa. Jirgi da nauyi, ƙasa kusa, ga gaggawar komawa. In ya karkata digiri 60, gudun da fiffike ke buƙata don ya riƙe shi yana ƙaruwa da kashi 41 cikin 100. A yi juyi mai faɗi, musamman a lodin farko. Feshin tsuntsayen jan-baki a gonakin dawa na Gadarif ya fi wannan haɗari, tunda da magariba ake yi lokacin da tsuntsaye suka koma makwanci, haske na ƙarewa. Ba aikin sabon matuƙi ba ne.

Bayan saukar ƙarshe a ɗauraye tanki da bututu da ruwa mai tsabta, a kwance matatu da bakunan feshi a wanke da burushi mai laushi. Ba a hura su da baki, ba a tsokane su da waya. A wanke jikin jirgin, musamman ciki da jela, domin magani na cin ƙarfe da wayoyin sarrafawa a ɓoye, kuma ruwan wankin ya tafi rami na musamman nesa da magudana. Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar inji a ƙasar nan: a duba matatar iska kullum, a toshe kafofin inji, a ɗaure jirgi tamau saboda habub, wato guguwar ƙura. Duk sa'o'i 100 a buɗe shi a yi babban dubawa kamar yadda littafin kamfanin ya tsara, a rubuta komai a littafin jirgi. Gangunan magani a ɗauraye sau 3, a zuba ruwan a tankin haɗi, sannan a huda su, don kada su ƙare a gidan wani ana tara ruwan sha.

Ma'aikata su yi gwajin jini kafin kaka da tsakiyarta, saboda illar guba irin ta organofosfet tana taruwa a jiki a hankali. In wani ya fara ciwon kai, gumi, dalalar miyau, amai, ƙwayar idonsa ta tsuke, a fitar da shi daga wurin, a tuɓe masa kaya, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa. Kada a ba shi madara, kada a sa shi amai. A garzaya da shi asibiti tare da takardar jikin gangar, don likita ya san ko allurar atrofin ce ta dace da shi.