Zaren Fatsa Na Yawan Tsinkewa a Kogi: Kurakuran da Aka Fi Yi da Gyaransu

Idan zare ya tsinke wa mai fatsa, abin da za ka ji shi ne, "Wallahi wani ƙato ne ya tafi min da ƙugiya." Wani sa'in haka ɗin ne. Amma galibi zaren ya riga ya ji rauni tun kafin kifi ya taɓa koto, kifin ƙarasa shi kawai ya yi. Zaren roba mai kaurin milimita 0.30, in lafiyarsa ƙalau, yakan ɗauki kilo shida zuwa bakwai, gwargwadon kamfanin da ya yi shi. To ta yaya tarwaɗar da ba ta kai kilo biyu ba za ta tsinke shi? Akwai abin da ya same shi tun da farko, kuma mafi yawan lokuta a hannun mai shi ya same shi.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne a janyo zaren da ya tsinke, a datse bakinsa da haƙori, a ɗaura sabuwar ƙugiya a sake jefawa ba tare da an duba ba. Wannan bakin da ka yar, shi ne zai gaya maka abin da ya faru. Riƙe shi a haske ka dube shi da kyau. In ka ga ƙarshensa ya nannaɗe ya yi 'yar lanƙwasa, kamar gashin da aka warware daga kitso, to zaren bai tsinke ba sam, ƙullinka ne ya zame. In ka ga an yanke shi tsaf, baki ɗaya sumul, aikin haƙori ne ko wani abu mai kaifi. In ya yi kaushi ya yi fari-fari kusa da wurin, dutse ne ko icce ya goge shi. In ya baje ya yi faɗi, dalma ce ta matse shi. In kuma ya sirance a hankali har zuwa inda ya rabu, wannan ne kaɗai ke nuna an ja shi fiye da ƙarfinsa. Kowanne da maganinsa, kuma wanda bai duba ba zai yi ta sayen zare mai kauri yana ƙarawa, alhali ba a kauri matsalar take ba.

Mu fara da dalma, domin ita ce ta fi cin zaren masu fatsa da alama, wato ɗan guntun silifas ko ɓargon kara da ake ɗaurawa ya yi yawo a saman ruwa. A kogi dole ka sa nauyi ƙasa da alamar, in ba haka ba ruwa zai ɗaga koton ya riƙa yawo da shi a sama. Abin da aka saba yi shi ne a yanko 'yar dalma, a naɗe ta a jikin zare, a cije ta da haƙori ko a buge ta da dutse har ta kama. Zaren roba a zagaye yake, ƙarfinsa kuma a wannan zagayen yake. Da zarar ka matse shi ya baje, wurin ya zama mafi rauni a duk tsawon zaren. Abin da ya fi wannan muni shi ne idan mutum ya so canza zurfi, sai ya kama dalmar da ta riga ta cije ya ja ta sama ko ƙasa da ƙarfi. Duk inda ta bi ta kankare zaren, sai ka ga ya murɗe ya yi fari.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. Nemi tsohuwar wayar lantarki siririya, ka zare tagullar cikinta, ka yanki robar kamar tsawon ƙwayar shinkafa biyu. Zura zarenka ta cikin robar, sannan ka naɗa dalmar a kan robar, ka matsa a hankali da yatsa ko da filaya. Robar bawul ɗin keke ma tana yi. Yanzu dalma ba ta taɓa zare, kuma za ka iya jiƙa wurin ka matsar da ita inda kake so. In kana da ƙananan dalma da yawa, rarraba su ya fi ka ɗora ƙatuwa guda, don koton ya fi tafiya daidai da ruwa. Sannan don Allah a daina cizon dalma da baki. Guba ce mai taruwa a jiki, duk wanda ya tuna abin da ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce, kuma yara ne suka fi yawa a bakin kogi da fatsa.

Ita ma alamar haka take. Da yawa sukan ƙulla zaren a jikinta, in za a canza zurfi a kwance a sake ƙullawa a wani wuri. Kowane wurin da aka taɓa ƙullawa yana barin karaya a zaren. Wasu kuma sukan tsaga silifas da reza su cusa zaren a tsagar, wanda ba laifi, sai dai in yashi ya shiga tsagar ya riƙa goge zaren duk lokacin da aka ja. Abin da ya fi shi ne ka huda alamar, ka zura zaren ta ramin, ka toshe da ɗan tsinken tsintsiya mai santsi. Kana son ƙara zurfi, zare tsinken, matsar, mayar.

Sai ƙulli. Ƙulli ko da an yi shi da kyau yana rage ƙarfin zare, shi ya sa zare mai lafiya a ƙulli yake tsinkewa. Amma akwai bambanci tsakanin ragi kaɗan da asarar rabi. Ƙullin nan na yau da kullum, wanda ake ɗaure bakin buhu da shi, yana iya cinye kusan rabin ƙarfin zaren roba, domin zaren kansa ne yake yanka kansa idan an ja. Irinsa ne yake shiga zare da kansa idan iska ta kaɗa shi wajen jifa. Za ka ga ɗan ƙulli a tsakiyar zare ka ce ai ba komai, ka ci gaba. In bai ƙulle tamau ba, kwance shi da bakin ƙugiya. In ya riga ya ƙulle, yanke daga nan ka sake haɗawa.

Wajen ɗaura ƙugiya mai ido, zura zaren ta idon, ka murɗa bakinsa a jikin doguwar igiyar sau biyar ko shida, ka dawo da shi ta ɗan ramin da ke kusa da idon, sannan ka sake bi da shi ta babban madaukin da ya samu. Murɗi biyu ko uku ba ya riƙe zaren roba, santsi gare shi, shi ne yake zamewa ya bar maka lanƙwasar nan. Kafin ka ja ƙullin ya zauna, jiƙa shi da yawu ko da ruwa. Mutane suna raina wannan, amma idan aka ja busasshen zare da sauri yana goga kansa ya yi zafi, zafin kuma yana lalata roba. Ja shi a hankali har ya zauna, ka bar ɗan saura a baki kamar tsawon ƙwayar gero biyu. Masu ƙona bakin da ashana ko sigari don kada ya zame su lura: wutar da ta narkar da bakin ta taɓa ƙullin ma.

Duba idon ƙugiyar kanta. Ƙugiyoyi masu araha sau da yawa idonsu bai rufe ruf ba, zare ya shiga tsagar ya yanke. Wadda ta yi tsatsa a ido kuwa, jefar da ita ya fi.

Kowane kogi da irin ɓarnarsa. A Kogin Kaduna da sassan Kogin Kwara wajen Yawuri, duwatsu ne suke cin zare. A Kogin Hadeja da fadamun Nguru, kacalla ce da sauran ciyayin ruwa. A ko'ina kuma akwai itatuwan da ambaliya ta kwantar a ƙarƙashin ruwa. Kuskuren da ake yi a nan shi ne barin zare ya yi sako-sako tsakanin sanda da alama. Ruwan tsakiyar kogi ya fi na gefe gudu, sai ya kwashi zaren ya yi masa ciki, zaren ya nutse ya riƙa jan ƙasa yana gogar duk abin da ya tarar. Kai kana kallon alama tana tafiya lafiya, a ƙasa kuwa ana kankare maka zare. Ɗaga bakin sandarka, ka tsame yawancin zaren daga ruwa, lokaci zuwa lokaci ka ɗaga shi ka mayar da shi bayan alamar, ta ɓangaren da ruwa ke fitowa. Shafa ɗan man kaɗanya ko basilin a zaren da ke sama da alama yana sa ya zauna a saman ruwa. Kada ka shafa wa na ƙasa, shi nutsewa ake so ya yi.

Kuma ka auna zurfi kafin ka fara. Ɗaura nauyi a ƙugiya ka jefa, ka yi ta matsar da alama har ka gane inda ƙasa take. In koto na jan ƙasa da tsawon kamu guda a wuri mai duwatsu, maƙalewa ba makawa.

Bayan kowane kifi, da bayan kowace maƙalewa, bi ƙarshen zaren da yatsu biyu, kamu biyu ko uku daga ƙugiya zuwa sama. Yatsa yana jin abin da ido bai gani ba. Ka ji kaushi ko ɗan tudu, yanke. Kurungu musamman, ƙayoyinsa masu zarto ne, yana birgima ya naɗe zare a jikinsa, ko ƙarami ne sai ya bar masa tabo.

Idan ƙugiya ta maƙale, kada ka yi ta fizga da sanda. Sassauta zaren tukuna, sau da yawa ruwa da kansa yake fitar da ita. In ta ƙi, taka zuwa sama ko ƙasa da wurin ka ja ta wata fuska. In dole sai an tsinke, naɗa zaren a guntun icce, ba a hannunka ba don yana yanka fata, ka kau da fuska, ka ja a hankali. Daga nan ka sani cewa zaren da aka ja har ya tsinke ya miƙe fiye da ƙima, kusa da wurin ba shi da sauran ƙarfinsa na da. Rage kamu biyu aƙalla.

A nan ne dabarar zare biyu take da amfani, kuma ina mamakin yadda ba ta yaɗu ba. Babban zarenka ya zama, misali, 0.30, sannan ka haɗa masa guntu mai tsawon kamu ɗaya na 0.25 wanda ƙugiya za ta zauna a kai. In an maƙale, ƙaramin ne zai tsinke. Ka rasa ƙugiya kawai, alamarka da dalmarka da doguwar igiyarka suna nan. Kifin da ya tsere ma ba zai tafi yana jan zare mai tsawo a baki ba. Ga karfasa mai wayo, siririn zaren kusa da koto yana ƙara sa ta ci.

In yankan sumul ne kuma yana maimaituwa a wuri ɗaya, to kifin tsage ne ko talibamban. Haƙoran tsage ba su san kaurin roba ba, talibamban kuma bakinsa datsewa yake yi. Ƙara kauri ɓata kuɗi ne. Sa 'yar siririyar waya mai tsawon taƙi ɗaya tsakanin ƙugiya da zare. Sili ɗaya daga wayar birkin keke yana yi, sai dai yana tsatsa, a riƙa canzawa. In karfasa kake nema ba tsage ba, gara ka canza wuri, don waya tana korar ta.

Zaren da yake murɗewa yana cukuikuyewa da kansa, yawanci koto ne sanadi. Tana da aka soka a lanƙwashe tana juyawa a cikin ruwa mai gudu, tana murɗa zaren. Soka ta a miƙe. In ya riga ya murɗe, cire komai daga jikinsa, ka saki zaren tsirara ruwa ya ja shi na 'yan mintuna, zai warware. Masu sanda ta zamani mai keken naɗi su riƙa duba zobban da zare ke bi: zura 'yar auduga a ciki, in ta kama, zoben ya tsage, kuma shi ne yake fere zaren duk jifa.

Ragowar ɓarnar a gida take faruwa. Rana ita ce babbar abokiyar gabar zaren roba. Wanda ake jingine sandarsa a jikin katanga ko a bar ta cikin kwalekwale rana na dukanta kullum, zarensa zai dushe, ya yi tauri, ya riƙa karyewa a ƙulli. In ka murza shi ka ga wani farin gari a yatsanka, ya gama aiki. A kasuwa ma a lura, naɗin zaren da ya daɗe a shimfiɗe a rana gaban mai tireda ya tsufa tun ba a jiƙa shi ba, araha kuwa ba ta ado. Kafin ka biya, warware kaɗan, ka yi ƙulli ka ja, ka ji yadda yake. Kada a ajiye zare kusa da batirin mota ko na sola, ruwan batir yana cin roba irin wannan. Naɗi kuma a yi shi a kan abu mai zagaye da faɗi, kamar gwangwanin madara marar tsatsa, ba a kan katako mai kusurwa ba, domin kowace kusurwa tana barin karaya. Lokacin hunturu, zare yakan bushe ya ƙi miƙewa. Jiƙa shi a ruwa na ɗan lokaci kafin ka fita, roba tana shan ruwa ta yi laushi.

Guntayen da ka yanke kuwa, cusa su a aljihu ka tafi da su gida ka ƙone ko ka binne. Ba sa ruɓewa da wuri. Suna naɗe ƙafar tsuntsaye da ta awaki da shanun da ke zuwa mashaya, in da ƙugiya a jiki kuma, yaron da ya shigo wanka ba takalmi shi ne zai taka.