Yadda ake rage wa kwamfuta nauyin lissafin MPC

Ɗalibin injiniya a Kaduna Poli ko AFIT da ya ɗora MPC (Model Predictive Control, dabarar sarrafa na'ura ta hanyar hasashe) a kan ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi yakan ci karo da abu guda: lokacin ba famfon da ke zuba ruwa a tanki umarni ya yi, lissafi bai ƙare ba. Dabarar nan, da matatun mai suka fara aiki da ita a ƙarshen shekarun 1970, a kowane taki tana hasashen inda na'ura ta dosa, ta tsara jerin umarni, ta aiwatar da na farko kaɗai, ta sake sabon lissafi. Aikin yana ƙara nauyi idan na'urar ba ta bin miƙaƙƙen layi. Dubi tankin ruwa mai rami a ƙasa: tsayin ruwa ya ninka sau 4, gudun fitarsa sau 2 kawai yake ninkawa.

Fara da awo. Rubuta lokacin da kowane lissafi ya ci, ka riƙe mafi tsawo. Shi ne zai sa tanki ya cika ya zube.

Mataki na biyu ya fi kowanne riba, kuma ina takaicin yadda ake tsallake shi. Kada ka fara daga sifili. Amsar takin da ya wuce tana hannunka: yar da umarnin farko, matso da sauran gaba, maimaita na ƙarshe, ka ba kwamfuta ta fara nema daga nan. Na'ura ba ta sauya hali sosai cikin daƙiƙa guda, don haka sabuwar amsa tana kusa.

Daga nan ka miƙe lissafin na'urar a kan wannan hasashen, wato ka kwatanta shi da miƙaƙƙen layi, ka warware QP (quadratic program, sauƙaƙan lissafin neman umarni mafi kyau) ɗaya tak a kowane taki maimakon jiran amsa ta daidaita. Wannan ita ce hanyar RTI (Real-Time Iteration) ta masani Moritz Diehl da abokan aikinsa, kuma manhajar acados tana ɗauke da ita.

Idan nauyi ya saura, rage abin da ake nema. A hasashen taki 20, bar 3 na farko su sauya yadda suke so, ka ɗaure sauran 17 a rukuni biyu. Ga 20 ta koma 5.

Sai ka sa manhajar CasADi ta fitar da lissafin a harshen kwamfuta na C, ka sake awo a kan Raspberry Pi ɗin da zai yi aikin, famfo yana jone, ka tabbatar ruwa bai ƙetare iyakar da ka sa ba.