Darasi na Shida: Ɗaukar Hoton Kayan Sayarwa da Waya

Wanda ya shiga Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Gumi a Kaduna yana taɓa atamfa da hannunsa, ya ɗaga ta ya duba, sannan ya taya. Mai saye ta WhatsApp ko Facebook ko Instagram kuwa, hoton da kuka sa kaɗai yake gani. Ku tanadi waya, farin kwali biyu irin na 'yan makaranta, ƙyalle mai laushi, da kaya guda ɗaya: takalmi, jaka, kwalbar humra ko turmin atamfa.

Da farko, a goge idon kyamara

Ku juya bayan wayar. Ɗan gilashin nan mai zagaye da ke can sama shi ne idon kyamara. Wata wayar ido ɗaya gare ta, wata uku. Duk a goge su da ƙyallen, a hankali. Kada a goge da yatsa, domin maiƙon hannu da man shafawa su ne ke sa hoto ya yi dishi-dishi kamar safiyar hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura ta fi yawa a Kaduna, sai a goge kafin kowane hoto.

Haske

Ku kai kayan bakin taga ko inuwar baranda, da hantsi ko bayan la'asar. Ranar tsaka tana kashe launi, ta kawo baƙar inuwa. Ku kashe ƙwan ɗaki, domin mai ruwan ɗorawa yana mai da farar shadda ta zama kamar ta tsufa. Ku buɗe kyamarar, ku duba alamar walƙiya, wato filasha, a saman fuskar wayar, ku taɓa ta har ta mutu. Filasha tana sa kwalba da leda ƙyalli.

Ku shimfiɗa kwali ɗaya a kan tebur, rabinsa ya jingina da bango, ku ɗora kayan a tsakiya. Taga ta kasance a gefenku. In tana bayan kayan, baƙi zai fito. Kwali na biyu a tsayar da shi a gefen da inuwa ta faɗa, zai maido da haske wurin.

Taɓa, jira, danna

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, don haka mu bi a sannu. Ku riƙe wayar da hannu biyu, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Tsakaninku da kayan ya kai kamu biyu zuwa uku. Yanzu ku dubi fuskar wayar. Kun ga takalmin a ciki? Ku taɓa shi da yatsa, a kan fuskar wayar, sau ɗaya. Wani ɗan akwati ko zobe zai fito a wurin. Wayar ce take gyara ganinta a kan abin da kuka nuna mata. Ku ƙirga ɗaya, biyu. Sannan ku danna babban farin da'irar da ke ƙasa.

Mu sake. Taɓa kayan. Jira akwatin. Ƙirga biyu. Danna. Bayan kun danna ma kada ku yi saurin sauke hannu, ku ƙara ƙirga ɗaya.

In bai fito ba a karon farko ba komai, Hajiya, hannu ne bai saba ba. A goge ido, a taɓa, a jira, a danna. Hoton waya ba ya cin kuɗi, ku ɗauki goma ku zaɓi ɗaya.

Ga yadda ake gane ya yi kyau: ku buɗe hoton, ku sa yatsu biyu ku buɗa su. In kuna ganin zaren ɗinki ko rubutun jikin kwalba sarai, ya yi. In ya narke, ɗaya cikin uku ne: ba a goge ba, ba a taɓa ba, ko hannu ya motsa.

Amma fa jama'a, wasu sai su ɗaga waya da hannu ɗaya, suna hira, su danna, sannan su ce wayar ce ba ta da kyau. Haba Malam! Wayar ƙalau take. Gaggawa ce. Wanda ba zai iya jiran ƙirga biyu ba, kada ya yi ƙorafi in an kalli kayansa an wuce. A taɓa, a jira, a danna.

Kuma kada a jawo kaya kusa da yatsu a fuskar wayar kafin a ɗauka, hoton fashewa yake. Ku taka da ƙafarku ku matsa kusa da kayan.

Hoto nawa?

Huɗu sun isa: gaba, baya, gefe, da na kusa sosai. Atamfa a warware ta yadda zanenta zai fito duka. Ƙaramin abu a ajiye biro kusa da shi don a gane girmansa. In akwai tabo ko karce, a nuna. Kada a canza launi da filta, mai saye zai dawo da kayan.

Turawa

A WhatsApp ku taɓa alamar HD kafin ku tura, don kada hoton ya dusashe. Ku rubuta farashi a ƙasa.

Aikin gida

Kaya ɗaya, hoto huɗu. A zo da waya da caji.