Motar da ta daɗe a ajiye: kar ka murɗa makulli tukuna

Wallahi na gaji da ganin abu ɗaya yana ta maimaituwa a nan Garwa. Mutum zai tafi Duwala ko Yawunde neman kuɗi ya bar mota a ƙofar gida shekara guda, ko kuma motar gado ce aka lulluɓe da tamfol ana jiran a gama rabo, ranar da aka tashi amfani da ita sai a aro batir wajen maƙwabci a jona, a murɗa makulli, in ta tashi a taka totur har unguwa ta ji, ana murna wai Toyota ba ta mutuwa. Tana mutuwa sarai ɗan'uwa, sai dai ba a ranar za ta nuna maka ba.

Babban kuskuren shi ne tada injin kafin a duba bakin mai. Motar da ta yi watanni a tsaye, mai ya gangara ya taru a kwanon ƙasa, sama kusan a bushe take, su kamshaf da ringi da mital ɗin karanshaf babu abin da ya rage musu sai ɗan maiƙo. Kafin famfo ya turo mai ya kai sama ƙarfe yana cin ƙarfe, kai kuma kana ƙara masa wuta. Haka aka yi da wata tsohuwar Corolla tawa da na bari a gida na yi tafiya, da na dawo ina ɗokin jin muryarta na tada ta a yadda take, bayan 'yan makonni ina hanyar Marwa, ban kai Figil ba na fara jin ƙwas ƙwas daga ƙasa, inji ya buga. Sai da na sayar da babur ɗina kafin na fito da ita daga garaji, kuma har na rabu da ita ba ta daina shan mai ba.

Tun daga nan ga yadda nake yi, wanda ya ga dama ya ɗauka. Na fara zaro geji, wato sandar auna mai, in goge, in mayar in sake zarowa, in murza man a yatsa in sansana. In yana warin fetur ko ya haura alamar sama, mai yiwuwa fetur ya sauka ciki. In kuwa ya koma kalar shayi da madara, to ruwa ne, ajiye makullin nan a aljihu. 'Yan Njamena da Kusiri da ambaliyar 2022 ta ci musu tsakar gida sun san wannan kalar. Daga nan sai in kwance notin ƙasa na kwanon mai in bar man ya yi ta ɗiga a sanyinsa ko da awa guda ne, ba na gaggawa. Na san makanikai da yawa za su ce sai inji ya yi ɗumi ake vidanj, wato juye mai, don man ya tsinke, gaskiyarsu ce a motar da ake hawa kullum. Amma wadda ta shekara a kwance, me zai sa in zagaya da ruɓaɓɓen mai cikin inji don kawai ya fita da sauri? Zafin Garwa a watan Afrilu da ke haura digiri 40 ya isa ya tsinka shi.

Bayan na zuba sabo ba na tada ta kai tsaye. Sai in cire fis ɗin famfon fetur, in yi ta ba ta sitata kaɗan kaɗan, daƙiƙa goma in huta, har fitilar mai ta mutu a dashbod, sannan in mayar da fis in tada ta in bar ta a silo, ƙafata ba ta zuwa kusa da totur.

Kuskure na biyu shi ne wanda yake sa ni faɗa da mutane, wai "ai ban yi kilomita da shi ba, sabo ne na zuba kafin in ajiye". Alhaji, mai ba kilomita kaɗai yake ƙirgawa ba. Buɗe littafin motarka, kilomita ne ko watanni, duk wanda ya riga cika, kuma yawanci ba ya wuce shekara. Mota tana tsaye damina ta wuce ta kanta, rana zafi dare sanyi, raɓa tana taruwa cikin inji tana sauka cikin mai, ta haɗu da dattin ƙonewar da ke ciki tun da, abin ya fara cin ƙarfe a hankali. Kana ƙyashin kuɗin lita huɗu, gobe ka je kana tambayar farashin injin kwance a kasuwa.

Su kuma masu wanke inji da gazwal, wato man dizal, ko kalanzir, don Allah wa ya koya muku? Sai ka ga yaro ya juye gazwal ciki ya tada mota wai yana wanko datti. Gazwal ba ya riƙe mital, kuma dattin da ya ɓamɓaro zuwa yake ya toshe ragar famfon mai. Ni wankina shi ne in zuba mai mai kyau amma ba mai tsada ba, in yi yawo da shi ɗan lokaci a cikin gari, in sake vidanj da sabuwar filta. Kuɗi biyu ne, na yarda, na fi samun barci a haka.

Filta kuwa kar ma a tambaye ni, a canza. A shafa ɗan mai a robar sabuwar, a duba ko robar tsohuwar ta manne a jikin inji, don in suka hau kan juna man zai tsiyaye a titi ba ka sani ba. Da hannu ake ɗaure ta, ba da sifana ba. Zoben washa na notin ƙasa a sa sabo, kuma kar a matse notin kamar ana fushi, in zaren ya cinye sai kwance kwano.

Man da ake aunawa a gorar ruwa a bakin titi, ba suna ba lamba, ba ya shiga motata. Ka nemi galan mai hatimi, ka bi lambar kaurin mai da littafin motar ya faɗa. Tsohon inji da ya sha wuya a zafinmu 20W-50 ko 15W-40 na tafiya da shi, amma kar ka ɗura wa ƙaramar sabuwar mota da aka rubuta mata 5W-30 mai kauri don makanike ya ce shi ne mai ƙarfi. Kar kuma a cika ya wuce alama, kumfa yake yi.

Buɗe gidan filtar iska, ƙurar hunturu tana nan, wani lokaci har da sheƙar ɓera da wayoyin da ya ciza. Leƙa ruwan lagireto, taka birki ka ji ko yana nan kafin ka fita titi. Fetur ɗin da ya shekara a tanki, musamman in zuwa-zuwa ne aka saya a kwalba, a zuƙe shi a zuba sabo, in ba haka ba motar za ta yi ta tari tana mutuwa ka ɗauka vidanj ɗin ne bai yi ba. Washegari da safe ka leƙa ƙarƙashinta ko akwai ɗigo, ka sake zaro geji.